Yadda ake gwada ƙarfin gubar maganin feshi a kan kifi da ƙananan halittun ruwa

Duk maganin da aka fesa a gonar auduga tsakanin Yuli da Oktoba, wani kaso nasa ruwa yake komawa. A tsarin da aka saba a yankinmu na arewacin Kamaru, ana fara feshin auduga wajen kwana 45 bayan tsirowa, a riƙa maimaitawa kowane mako biyu, wato daidai lokacin da damina ta kankama. Ruwan sama ya wanke ganye da ƙasa ya gangara mayo, wato rafi, mayo ya kai shi kogin Binuwai ko tafkin Lagdo, wanda aka datse tun 1982. Haka lamarin yake a gonakin shinkafar Yagwa da tafkin Maga, da lambunan albasa na kewayen Marwa, da gaɓar Shari har Injamena. Ga kuma mai feshin da ke wanke famfonsa a bakin kududdufi saboda nan ne ruwa ya fi kusa.

Ganin kifi yana yawo ciki sama ba ya zama hujja a kan magani. Zafi yana kashe kifi, ƙarancin iska yana kashe shi, yunwa da cuta ma haka. Saboda haka aikin mai gwaji kusan duka ɗaya ne: ya toshe kowace ƙofar mutuwa, ya bar ta maganin kaɗai a buɗe. A Garwa, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40 kuma wuta ke ɗaukewa babu sallama, toshe waɗannan ƙofofin ya fi zuba maganin wuya nesa ba kusa ba.

Abin da ake nema

Ƙa'idar da duniya ta fi bi ita ce ta OECD, ƙungiyar haɗin kan ƙasashe a fannin tattalin arziki da ci gaba, mai lamba 203, wadda aka sabunta a 2019. Takardun Faransanci suna rubuta sunan ƙungiyar OCDE. Ana sa kifi cikin ruwa mai magani na tsawon awa 96, a ƙirga waɗanda suka mutu, a fitar da adadin maganin da zai kashe rabinsu. Shi ne LC50, ko CL50 a Faransanci, kuma ana rubuta shi da miligiram ko maikurogiram a kowace lita. Maikurogiram 1,000 ne ke yin miligiram 1. Idan lambar ta yi ƙasa, gubar ta yi ƙarfi. A tsarin rarraba sinadarai na Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da LC50 ɗinsa bai wuce miligiram 1 a lita ba yana sahun farko na haɗari ga halittun ruwa, daga 1 zuwa 10 sahu na biyu, daga 10 zuwa 100 na uku.

Gwajin da za a yi a ɗakin binciken jami'a ko tashar kifi ba zai wadatar wajen yi wa magani rajista ba. Wannan sai ɗakin da aka tantance. Amma ya isa a kwatanta magani biyu, a kafa hujjar digiri, ko a ba ƙungiyar masunta da masu kiwon kifi amsar da za su tsaya a kanta. Kafin a taɓa kifi ko ɗaya, a nemi izinin kwamitin da ke kula da gwaji da dabbobi a inda ake aikin.

Kifin da za a yi aiki da shi

Jerin kifayen ƙa'idar 203 yawancinsu na wasu ƙasashe ne, wasu ma sai ruwan sanyi na digiri 10 zuwa 14. Masu bincike a Afirka sun fi amfani da karfasa, Oreochromis niloticus, da tarwaɗa, Clarias gariepinus. Idan za a zaɓi ɗaya, karfasa ta fi. Tarwaɗa tana da gaɓar da take shaƙar iskar sama da ita, don haka takan jure abin da zai kashe sauran kifayen kogi, sai sakamakon ya nuna maganin da sauƙi alhali ba haka ba ne. Ƙananan tarwaɗa kuma suna cinye juna: ka zuba goma da yamma, da safe ka tarar da tara, babu gawa, ba ka san ko magani ne ko ɗan'uwa ba.

Sayi 'ya'yan kifi daga wurin ƙyanƙyasa ɗaya, ƙyanƙyasa ɗaya, masu nauyin giram 1 zuwa 2, kai ɗaya gwargwadon iko. Kada ka kamo daga kogi ko magudanar shinkafa, domin ba ka san abin da suka riga suka sha ba. Wajen 150 za su ishe ka ƙaramin gwajin lalube na farko da babban gwaji har da rara. A ɗauko su da asuba cikin leda mai iskar oksijin. Da an iso, a ɗora ledar a kan ruwan wurin ajiya minti 20 zuwa 30 zafinsu ya daidaita, sannan a riƙa tsiyaya ruwan wurin a ciki kaɗan-kaɗan kafin a sake su.

Sai zaman sabo, aƙalla kwana 9. Kwana biyun farko na hutun tafiya ne, ba a ƙirga mutuwarsu. Kwana bakwai na gaba ana rubuta duk wanda ya mutu. Idan ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne, kifin ya karɓu. Idan tsakanin 5 da 10 ne, a ƙara wasu kwana bakwai. Idan ya haura 10, a bar rukunin gaba ɗaya a sayo wani. Nan ne ɗalibai da yawa ke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa: kuɗin kifi ya riga ya fita, lokacin kare digiri ya matso, sai a ci gaba da rukunin da ke mutuwa da kansa, a wayi gari da lambobin da ba za su tsaya gaban kowa ba. Kifin da aka yi wa maganin cuta ma sai ya yi kwana 14 kafin ya shiga gwaji. Ruwan zaman sabo ya zama shi ne ruwan da za a yi gwajin da shi. A riƙa ba su abinci kullum, a tsotse kashi da ragowar abinci da siririn tiyo, a yanke abincin awa 24 zuwa 48 kafin a fara.

Ruwa, akwati da ɗaki

Ruwan famfo yana da kulorin, kuma ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya ƙone wa kifi wurin numfashi. A tara shi a buɗaɗɗen tanki, a hura masa iska awa 48, a auna da abin gwajin kulorin har ya nuna babu. Ruwan foraj, wato rijiyar burtsatse, ba shi da kulorin, amma yakan fito da ƙarancin oksijin, wani kuma da ƙarfe a narke. Idan bayan an hura masa iska ya yi ja-ja, a bari ya kwanta a tace. Ruwan mayo na damina mai laka bai dace ba, saboda laka tana kama magani ta riƙe, musamman magungunan ƙwari dangin firetiroyid irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin da deltamethrin, sai a ga kamar gubarsu ta ragu. Ma'aunin pH, wato na tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 6 da 8.5. Tankin tara ruwan ya zama sabo. Durom ɗin da aka sayo a kasuwa, wanda ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba, ya isa ya ɓata aikin wata guda.

Akwatunan gwaji su zama na gilashi, masu cin lita 25 zuwa 30, guda shida aƙalla. Baho da bokitin roba suna da arha, amma roba tana shanye magani daga ruwan, daga baya kuma ta sako shi cikin gwaji na gaba. A wanke akwatin da sabulu, a ɗauraye sosai, a goge da asiton, a sake ɗaurayewa. Kowane akwati da murfinsa na raga, domin kifin da maganin ƙwari ya fara taɓawa tsalle yake yi. Kowane akwati kuma da ƙaramar komarsa da sandar gilashinsa; koma ɗaya da ke yawo daga akwati mai magani zuwa marar magani ta gama da gwajin.

Yawan kifi kada ya wuce giram 0.8 a kowace lita. Kifi 10 masu giram 1.5 sun tashi giram 15, suna bukatar lita 19, sai a cika 20.

Zafin ruwa ga karfasa a riƙe shi a digiri 26 zuwa 28, kada ya yi lilo fiye da digiri 2 a duk kwana huɗun. Dalilin ba jin daɗin kifi ba ne kawai. Ruwa mai digiri 25 yana ɗaukar oksijin wajen miligiram 8.3 a lita, mai digiri 30 kuma 7.6 kacal, alhali kifin ya fi bukatar iska a cikin zafi. Ƙarfin maganin kansa yana sauyawa: firetiroyid ya fi kisa a ruwa mai sanyi, yawancin dangin oganofosfet irin su profenofos da chlorpyrifos kuma sun fi kisa a mai ɗumi. Wanda ba shi da ɗaki mai na'urar sanyaya wuri ya guji bazara. Ya jera akwatunan cikin babban kwami ɗaya mai ruwa har rabin tsayinsu, ruwan kewayen zai rage hawa da saukar zafi. A hunturu kuma daren Disamba da Janairu ne abin tsoro, sai an sa abin ɗumama ruwa. Haske awa 12 zuwa 16 a rana, amma ba hasken rana kai tsaye ba, don yana lalata wasu magungunan yana kuma dafa ruwan. Kada a fesa maganin sauro ko a kunna na hayaƙi a ɗakin ko kusa da tagarsa. Yawancinsu firetiroyid ne.

Haɗa maganin

Kafin a buɗe kwalba: safar hannu ta naitiril, tabarau, riga mai dogon hannu, taga a buɗe. Ba a zuƙar fifet, wato siririn bututun ɗiba da awo, da baki ko sau ɗaya. Wanda ya ji yawu yana tarar masa, gumi, jiri ko ganinsa ya dushe bayan aiki da oganofosfet, a kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

A kwafe duk abin da ke jikin kwalbar: sunan kasuwa, sunan sinadarin da ke aikin, wanda ake rubutawa a ƙarƙashin matière active, yawansa a lita, lambar rukuni, ranar ƙarewa. Idan an ga 50 EC a irin waɗannan kwalabe, galibi giram 50 ne a lita, amma a tabbatar daga rubutun ƙasa, domin wasu kamfanoni kashi cikin ɗari suke nufi, wanda ya ninka wancan sau goma. Maganin da aka sayo an ɗura shi a kwalbar lemo babu takarda ba a gwaji da shi da sunan wani sinadari. Iyakarsa a ce samfurin kasuwa kaza. A tuna kuma cewa abin da ke kwalba ba sinadarin kaɗai ba ne. Maganin ciyawa na glyphosate misali ne sananne: sinadarin kansa ba shi da tsananin guba ga kifi, amma abin da ake haɗa shi da shi don ya manne wa ganye a wasu samfuran ya fi shi cutar da kifi da 'ya'yan kwaɗi. Don haka sakamakonka na wannan samfurin ne, ba na duk mai suna glyphosate ba.

Ba a ɗiga magani daga kwalba zuwa akwati kai tsaye, adadin ya yi ƙanƙanta da yawa. Mataki-mataki ake tsarma shi. Ɗauki misalin mai giram 50 a lita. Ɗebi mililita 1 da fifet, zuba a kwalbar awo ta gilashi, cika ta da tataccen ruwa zuwa lita 1, girgiza. Zai yi fari kamar an ɗiga madara. Wannan shi ne haɗi na farko, miligiram 50 a lita. Daga cikinsa ɗebi mililita 10, cika zuwa lita 1. Wannan haɗi na biyu ne, maikurogiram 500 a lita, wato kowace mililita tana ɗauke da rabin maikurogiram. Akwati mai lita 20 da ake so ya zama maikurogiram 1 a lita yana bukatar maikurogiram 20, wato mililita 40 na haɗi na biyu. A zuba ruwa ƙasa da lita 20, a sa maganin, a cika zuwa alama, a motsa da sandar gilashi. A girgiza haɗin kafin kowace ɗiba, kuma kullum sabo ake haɗawa, ba a kwana da shi.

Idan tsantsar sinadarin ne ba na kasuwa ba, wani sai an narka shi da asiton. To asiton ɗin kada ya wuce mililita 0.1 a kowace litar ruwan akwati, ya zama daidai a duk akwatunan, kuma a ƙara akwati ɗaya mai asiton kaɗai babu magani.

Lalube, sannan babban gwaji

Da farko ba ka san inda gubar take ba, sai ka laluba da tazara mai faɗi, kowane mataki ninki goma na wanda ya gabace shi: 0.1, 1, 10, 100, 1,000 maikurogiram a lita, kifi uku-uku, awa 24 zuwa 48. Abin nema shi ne mataki mafi girma da babu wanda ya mutu da mafi ƙanƙanta da duk suka mutu. Duba abin da aka riga aka wallafa a kan sinadarin yana rage yawan kifin da za a salwantar a nan. Idan kuwa ana zaton abin ba shi da guba sosai, akwai gajeriyar hanya: akwati ɗaya mai miligiram 100 a lita da akwatin shaida, wato mai ruwa zalla babu magani. Idan awa 96 ta cika babu mutuwa, a rubuta cewa LC50 ya haura 100, a tsaya nan.

Babban gwaji yana bukatar matakai biyar aƙalla a cikin tazarar da lalube ya nuna, kowanne bai wuce ninki 2.2 na na ƙasa da shi ba. Ninki biyu ya fi sauƙin lissafi: 0.5, 1, 2, 4, 8 maikurogiram a lita, wato mililita 20, 40, 80, 160 da 320 na haɗi na biyu. Na shida shi ne akwatin shaida, ruwa zalla. Ƙa'ida ta yarda da kifi 7 a kowane akwati. 10 ya fi daɗin lissafi. A jefa ƙuri'a wajen jera akwatunan, kada mai magani mafi ƙarfi ya zama kullum shi ne na bakin taga.

Wajen zuba kifi akwai tarkon da ba kowa ke lura da shi ba. Kifin da koma ta fara kamawa shi ne raggo, mai kuzari sai ƙarshe. Wanda ya cika akwati na farko da goman farko ya tara raunana wuri ɗaya. A riƙa sa bibbiyu a kowane akwati ana zagayawa har kowanne ya cika goma. A rubuta lokacin da aka gama. Daga nan agogo ya fara. Ba a ba su abinci har ƙarshe.

A duba bayan awa 2 da awa 5, sannan a awa 24, daga nan sau biyu a rana har awa 96. Kullum a auna oksijin, pH da zafi a kowane akwati. Oksijin kada ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin ɗari na abin da ruwan zai iya ɗauka. A digiri 28 wannan wajen miligiram 4.7 ne a lita. Ana iya hura iska a hankali ta siririn bututun gilashi, ƙwayar kumfa ɗaya bayan ɗaya, ba a tafasa ruwan da kumfa ba, don iska mai ƙarfi tana korar maganin da ke tashi sama. A tanadi injin iska mai batir ko na sola tun kafin a fara, domin wutar da ta ɗauke ƙarfe biyu na dare ba ta jiran gari ya waye.

Kifi ya mutu ne idan murfin kumatunsa ya daina motsi, kuma an taɓa gindin wutsiyarsa da sandar gilashi bai motsa ba. Wanda ya kwanta a gefe yana numfashi ba a ƙirga shi a matattu, amma a rubuta halinsa. A cire gawa nan take. A ruwan digiri 28 tana fara ruɓewa cikin 'yan awoyi, ta cinye oksijin ta ƙara amoniya. Alamomin kafin mutuwa suna da amfani ƙwarai. Firetiroyid yakan sa kifi ya riƙa zabura, ya yi iyo yana juyi kamar mazari, ya bugi gilashi, sannan ya kasa tsayuwa daidai. Oganofosfet, da yake yana toshe sinadarin da ke kashe saƙon jijiya bayan ya isa, yakan sa jiki ya sandare, fukafukan gefe su miƙe gaba, baya ya lanƙwashe, yauƙi ya yi yawa. Idan kuwa kifi suka taru a saman ruwa suna haki a duk akwatuna har da na shaida, ba magani ba ne, iska ce ta ƙare.

Maganin ba ya zama yadda aka zuba shi. Wani ya manne a gilashi, wani kifi ya shanye, wani ya lalace. Firetiroyid ya fi kowa wannan hali, cikin yini ɗaya yana iya raguwa sosai. Maganin matsalar shi ne sauya ruwa kowace awa 24: a haɗa sabon ruwa mai adadi ɗaya da zafi ɗaya a wani akwatin, a mayar da kifin a hankali, har da na shaida, don wahalar kamu ta zama ɗaya ga kowa. Jiƙa akwatin da ruwan maganin tun daren jiya, a zubar a sake haɗa sabo, yana rage abin da gilashi zai sha. Ƙa'idar 2019 ta wajabta auna ainihin abin da ke cikin ruwan: a ɗebi samfur a farko da kuma kafin sauyi, cikin kwalbar gilashi mai duhu, a ajiye a sanyin digiri 4, a aika ɗakin da ke da na'urar kuromatogirafi. Idan abin da aka auna ya kauce wa abin da aka zuba da fiye da kashi 20 cikin ɗari, da wanda aka auna ake lissafi. Wanda bai samu halin aunawa ba ya faɗa ƙarara a rahotonsa cewa lambobinsa na abin da aka zuba ne, domin ainihin gubar tana iya fin abin da ya samu.

Akwatin shaida shi ne alƙali. Idan fiye da kifi ɗaya cikin goma ya mutu a cikinsa, gwajin ya rushe, komai kyan sauran lambobin. Ruwa ba ya tsami banza: a bi sawu a gano ko kulorin ne, ko amoniya, wadda gubarta ke ƙaruwa idan pH da zafi suka hau, ko kifin ne da ma ba lafiya, a gyara, a sake daga farko.

Lissafi

A ce, don misali kawai, a awa 96 an samu haka cikin goma-goma: a 0.5 babu mutuwa, a 1 ɗaya, a 2 huɗu, a 4 takwas, a 8 duka goma. Rabi yana tsakanin 2 da 4. Daga kashi 40 zuwa 80, kashi 50 yana rubu'in hanya. Amma da yake matakan ninki suke yi, a kan logaridim ake auna hanyar: na 2 shi ne 0.301, na 4 kuma 0.602, rubu'in tazarar 0.075, jimla 0.376, wanda ya koma wajen 2.4. Wannan ƙiyasin gaggawa ne. Hanyar Spearman-Kärber, wadda ke amfani da duk matakan, ta ba da 2.3 a kan waɗannan lambobi. Don rahoto a yi amfani da ita ko hanyar furobit a manhajar R, wadda kyauta ce, a kawo LC50 tare da iyakokinsa na amincin kashi 95. Idan kifi ɗaya ya mutu a shaida, a gyara sauran da dabarar Abbott ta 1925: a cire kason shaida daga na akwatin, a raba da abin da ya rage idan an cire kason shaida daga ɗari, a ninka da ɗari. Idan wani mataki babu mutuwa, na gaba da shi kuma duka suka mutu, furobit ba zai yi aiki ba. A ninka matakan biyu a ɗauki tushen murabba'insu.

Lambar ba ta shiga kunnen manomi sai an mayar da ita famfon feshi. A ce an zuba mililita 40 na wannan maganin a famfon goyo: giram 2 ke nan na sinadarin, maikurogiram miliyan 2. A kan maikurogiram 2.3 a lita, ya isa ya kai lita 870,000 matakin kashe rabin kifi, fiye da kwamin da ke da tsawon mita 40, faɗin 20, zurfin 1. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ne ya rage a gindin famfon aka ɗauraye a ruwa, ya isa lita 8,700. Kuma LC50 ba iyakar aminci ba ce. Ƙasa da ita sosai kifi yana iya daina girma ko ƙwansa ya ƙi ƙyanƙyashewa, abin da gwajin kwana huɗu ba ya gani.

Ƙananan halittu

Kifi kaɗai ba ya ba da cikakken labari. Acetamiprid da imidacloprid ba su cika kashe kifi ba, amma suna gamawa da tsutsotsin ƙwarin ruwa da kifi ke ci. Maganin ciyawa kuma gansakuka da tsiron ruwa yake fara bugawa. Shi ya sa ake haɗa gwaji uku.

Ƙa'ida mai lamba 202 ta ƙumar ruwa ce, Daphnia. Ana ɗaukar 'ya'yan da ba su kai awa 24 da haihuwa ba: a ware manya masu ƙwai da yamma, da safe a tsince ƙananan da fifet mai faɗin baki. Guda 20 a kowane mataki, an raba su biyar-biyar a kofunan gilashi huɗu, aƙalla mililita 2 ga kowace ɗaya, awa 48, babu abinci. Ba mutuwa ake ƙirgawa ba, kasa iyo ne: a kaɗa kofin a hankali, wadda ba ta yi iyo cikin daƙiƙa 15 ba an ƙirga ta. Matsalarta a nan ita ce tana son digiri 18 zuwa 22, sai ɗaki mai sanyi dare da rana. Inda babu, ana kiwon danginta na ƙasashen zafi irin su Moina daga kududdufin da ba ya kusa da gona, a bayyana a rahoto cewa an sauya nau'i. Aikin Locustox na FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a Senegal, wanda ya bi diddigin illar maganin fara a shekarun 1990, da halittun kududdufan Sahel ya yi gwajinsa, ciki har da ɗan jatan landen nan Streptocephalus sudanicus da ƙwaron ruwa Anisops sardeus, kuma irin kududdufan ne muke da su daga Marwa zuwa tafkin Cadi. Gwajin gansakuka, mai lamba 201, awa 72 ne, ana auna yadda magani ya rage yaɗuwarta. Yana bukatar haske marar yankewa da madubin ƙara girma don ƙirga.

Bayan an gama

Kifin da ya tsira, har da na shaida, ba a ci, ba a ba kaza ko kyanwa, ba a mayar da shi kwami ko kogi. A kashe shi ba tare da azaba ba da maganin sa barci na MS-222 ko man kanumfari mai yawa, a bar shi a ciki aƙalla minti 10 bayan numfashi ya tsaya, a auna tsayi da nauyi, a binne da zurfi tare da farar ƙasa inda kare ba zai tono ba. Ruwan akwatunan, wanda da sauyin kullum zai kai lita ɗari huɗu zuwa biyar, ba a zuba shi a kwata. A tara a durom mai alama, a bi da shi ta matatar gawayin tace ruwa, ko a zuba a rami marar zurfi da aka shimfiɗa wa leda mai kauri aka kewaye da waya, nesa da rijiya da hanyar ruwa, rana ta ƙafar da shi. Gawayin da ledar da ragowar haɗi na farko sharar guba ce, tare da kwalbar maganin ake ajiye su a kulle har a miƙa wa jami'an aikin gona masu tattara irinta. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, ruwan ɗaurayar ya shiga durom, a huda gindinta don kada wani ya ɗauka ya zuba man gyaɗa.